Wata takwas da kwamfutar tace bidiyon da aka haɗa mini a Ikeja

Sana'ata ɗaukar biki ce da tace shi. A Agege nake zaune, kuma yawancin masu kirana mutanenmu ne na Agege da Idi-Araba da Mile 12: kamu, ɗaurin aure, walima, saukar Alƙur'ani, jefi-jefi naɗin sarauta ko taron ƙungiyar 'yan kasuwa. Shekara biyar na yi ina wannan aiki da laftof ɗaya da faifan ajiya na waje ɗaya, irin mai juyawar nan da ake jefawa a aljihun jaka. Bara, saura kwana huɗu in kai wa wata Hajiya bidiyon auren 'yarta, waya ta harɗe mini ƙafa, faifan ya faɗo daga kan tebur yana tsaka da aiki. Da na sake jona shi sai ƙas, ƙas, ƙas nake ji daga ciki, kwamfuta kuwa ba ta ma san da shi ba. Memorin kyamara na riga na goge shi na ɗauki wani bikin a kai. Ɗaurin aure da dina sun tsira, don abokin aikina yana da kwafi, amma kamu ya tafi baki ɗaya, kuma a wajen kamun ne kakar amarya ta dafa kanta ta yi mata doguwar addu'a. Hajiya ba ta ɗaga mini murya ba. "Ɗan nan, haka Allah Ya so," shi ne kawai abin da ta ce, ta kuma ƙi karɓar kuɗin da na mayar mata. Bayan wata biyu kakar amaryar ta rasu. Har yau in na tuna sai na ji abin a ƙirjina.

Na shiga adashi da nufin in haɗa kwamfutar tebur ta gaske. Ranar da na kwasa na hau jirgin Red Line daga Agege, tasha ɗaya na sauka Ikeja, na taka zuwa Computer Village. Wanda ya san kasuwar ya san yadda ake shigarta: tun daga bakin titi ana jan hannun rigarka, wannan na cewa waya, wancan na cewa laftof. Wani mai ɗaukar hoto na Obalende ne ya kwatanta mini shagon, a saman wani bene da ke ɗaya daga cikin layukan da suka fita daga titin Otigba. Ba zan ambaci sunansa ba, tunda akwai wuraren da zan kushe shi, kuma ban zo in kashe wa kowa kasuwa ba. Mai shagon ɗan ƙabilar Igbo ne, yaron da ke haɗa masa kwamfuta kuma Bazazzagi ne da ba zai wuce shekara ashirin da biyar ba. Wurin matsattse ne, kujerar baƙi ɗaya ce, sauran masu jira a tsaye suke a baranda.

Na je da takarda a hannu, na rubuta abubuwan da na ji ana yabo a YouTube, kuma fiye da rabin kuɗina na ware shi ne don katin hoto mai tsada, wato sashen da ke sarrafa hoto a cikin kwamfuta. Yaron ya karɓi takardar ya duba, ya danne ta da sukudireba. "Yaya, kafin mu zo nan, da wace kyamara kake ɗauka?" Na ce Sony A7 III, abokin aikina kuma A7 IV. Ya tambayi manhajar da nake tacewa da ita, na ce Premiere Pro, sai in zan gyara kala in leƙa DaVinci Resolve. Biki nawa nake samu a wata? Bayan na miƙa aiki, sai bayan wata nawa masu shi ke dawowa su ce filashinsu ya ɓata? Wuta fa, awa nawa muke samu a layinmu, kuma in an ɗauke da inji nake aiki ko da inbata? Kusan minti ashirin yana tambaya bai nuna mini kaya ko ɗaya ba. Na sha shiga shaguna a kasuwar nan, ban taɓa ganin wanda ya tambaye ni aikina kafin ya tambayi aljihuna ba sai shi.

Sai ya jawo bayan wani kwali ya fara lissafi. Kyamarata a 4K tana rubuta megabit 100 a sakan. A raba takwas, MB 12.5 ke nan, awa ɗaya kuma GB 45. Bikinmu ba na yini ɗaya ba ne. In aka haɗa kamu da ɗaurin aure da walima da dina da kai amarya, kowace kyamara takan ci awa bakwai, biyu ke nan awa goma sha huɗu, GB 630. A ƙara abin da ɗan jirgin nan mai kyamara ya ɗauko daga sama, da guntayen da dangi ke turowa daga wayoyinsu su ce lallai a saka, ana maganar GB 700 a biki ɗaya. Ya zagaye lambar da biro. "Yaya, in ka zuba kuɗin nan a katin hoto za ka tace da sauri, to a ina za ka ajiye?"

Abin da ya tsara mini shi ne a raba wa faifai aiki. Ya ce in duba mai tumatir a Mile 12: teburin da yake kasa kaya daban, sitonsa daban, kwandon da yake zuba ruɓaɓɓe daban. Faifai na farko SSD ne, wato faifai marar juyawa mai sauri, irin NVMe mai TB 1 (GB dubu ke nan), shi ke ɗauke da Windows da manhajoji, ba a zuba masa bidiyo ko na minti ɗaya. Na biyu shi ne teburin aiki, Samsung 990 Pro mai TB 2, bikin da nake tacewa kaɗai ke zama a kansa. Na uku tsohon SSD ɗin laftof ɗina ne mai GB 500, wanda na ɗauka ya gama amfani; ya mayar da shi wurin zubar da kash, wato tarkacen wucin gadi da Premiere ke ƙirƙira don aiki ya riƙa tafiya sumul. In ba a canza mata wuri ba, manhajar a faifan Windows take jibge wannan tarkace, kuma shi ne ke cika wa editoci da yawa kwamfuta ba su san dalili ba. Ya saita ta riƙa share duk wanda ya wuce kwana talatin da kanta.

Sai sito. Nan muka fi daɗewa, kuma nan ne na fi ƙaruwa. Ya ce faifai mai juyawa biyu zan saya, had-dis ke nan a bakin 'yan kasuwa, kowanne TB 8, kuma kada in yarda a ba ni kowane iri. Akwai salon rubutu biyu a irin waɗannan faifan. A CMR kowane layi yana zaman kansa. A SMR kuwa layukan suna hawa gefen juna kamar kwanon rufi, don a samu wuri da yawa da araha. Amma in za a sake rubutu a layi ɗaya sai an taɓa maƙwabtansa, shi ya sa in ka tura masa ɗaruruwan GB a zama ɗaya yakan fara da gudu sannan ya koma rarrafe. A 2020 an yi surutu sosai da aka gano wasu faifan WD Red masu TB 2 zuwa 6 SMR ne, daga baya kamfanin ya ware Red Plus a matsayin na CMR. Red Plus ɗin na saya guda biyu.

Ni so na yi a sa su duka a cikin kwamfutar a haɗa su RAID 1, yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya zai hau ɗayan nan take. Na ga ana yi, ya kuma kwanta mini. Yaron ya girgiza kai. "In ka goge folda bisa kuskure, a duka biyun ta gogu. In wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona, duka biyun ne a ciki. In ɓarawo ya shigo, kesin ɗaya zai ɗauka. Ruwa ma in ya shigo ɗaki, ka san damunar Legas." Ya ce RAID maganin mutuwar faifai ɗaya ne kawai, ni kuma abin da ya same ni bara hannu ne da tebur. Don haka ɗaya yana cikin kwamfuta, ɗayan yana cikin jaka mai soso a shagon yayana, tafiyar minti goma daga gida. Ranar da na dawo daga biki nakan ɗauko shi, in dasa shi a wata 'yar na'ura da ake jonawa ta USB, in kunna FreeFileSync, manhaja ce ta kyauta, ta kwafe abin da ya ƙaru. Ya ja mini kunne a kan abu ɗaya: in saita ta a kan ƙari kawai, kada in zaɓi salon madubi, don shi madubi in ka goge a nan zai je ya goge a can. Ƙa'idar da ya kafa mini kuma na riƙe ita ce ba na goge memorin kyamara sai na ga bikin a wuri biyu da idona.

A shagon babu had-dis ɗin a ƙasa, sai aka aika yaro ya karɓo a maƙwabta, kamar yadda ake yi a kasuwar. Ya dawo da biyu a leda mai ƙyalli, kowanne kamar yau aka sauke shi daga jirgi. Bazazzagin bai karɓi kuɗina ba sai da ya jona su ɗaya bayan ɗaya ya buɗe CrystalDiskInfo, wadda ke karanta bayanin da faifai ke ajiyewa game da kansa. Na farko ya nuna bai taɓa aiki ba. Na biyu ya nuna awa dubu goma sha huɗu da 'yan kai. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, wato faifan ya yi sama da shekara ɗaya da rabi yana juyi a wani wuri kafin a sake masa leda. Ya juyo da allon ya nuna wa mai shagon, mai shagon ya ɗaga waya ya yi faɗa da yarensu, aka mayar aka kawo wani. SSD ɗin Samsung ma sai da ya sa manhajar kamfanin, Samsung Magician, ta tabbatar na asali ne. Memorin kyamara biyu da na ƙara saya ya bar su a H2testw, wadda ke cika kati da bayanai ta sake karantawa don ta gano ko girman da aka rubuta a jikinsa gaskiya ne. Wannan duk ya ci mana fiye da awa biyu, na yi la'asar a masallacin kasuwa na dawo ana yi. Duk mai sayen faifai a kowace kasuwa, ina roƙonsa ya nemi a yi masa wannan gwaji a gabansa. Gani ya kori ji.

Da muka zo kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ni na rubuta Intel i7-12700F, don ta fi araha kaɗan. Ya ce harafin F ɗin nan zai cuce ni. Abokin aikina yana ɗauka a salon bidiyo na H.265 mai 10-bit 4:2:2, hoto ne mai kyau wajen gyaran kala amma mai nauyin warwarewa. Katunan NVIDIA na jerin 30 da 40 ba sa warware shi da kansu, sai su bar wa furosesa wahalar, shi ne za ka ga bidiyo yana tsalle-tsalle a kan layin aiki ko da faifanka gudun iska yake. Furosesar Intel daga zubi na 11 zuwa sama tana da ɗan sashen hoto a cikinta mai Quick Sync, shi ke iya wannan aiki, kuma F na nufin babu wannan sashe. Na ƙara ɗan abin da ya rage na ɗauki 12700 marar F. Da zan tafi da takardata wani shago, da an miƙo mini abin da na rubuta an karɓi kuɗi, in zo gida ina zargin faifai.

Katin hoton da na zo da burinsa muka bar shi. Ya ba ni zaɓi tsakanin RTX 4060 sabo mai GB 8 da RTX 3060 tokunbo, wato na hannu, mai GB 12, ya ce Resolve tana cin ƙwaƙwalwar kati sosai a 4K, musamman in ana rage ƙurar hoton dare, kuma dina kusan duk a duhu ake yinta da fitilu masu launi. Na ji tsoron tokunbo, domin tun da aka daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a watan Satumban 2022 katunan da suka sha wuya dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Ya buɗe shi ya sake masa man sanyaya, ya sa shi a FurMark rabin awa muna kallon zafinsa, bai yi gardama ba. RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kanta, GB 32 ne, sanda biyu masu 16, fawa-fak mai ba kwamfutar wuta kuma wat 650. A nan ban da wani dogon labari, sun yi aikinsu.

Yanzu ga inda shagon ya ɓata mini rai.

An ce in dawo bayan kwana biyu. Kwana biyar aka yi, kuma ba wanda ya kira ni. Ni ne na yi ta kira, sau ɗaya ma sai da na zo har Ikeja na tarar da kayana a kwali ba a taɓa ba, yaron yana can yana gyaran laftof ɗin wasu. Na fahimci shi kaɗai ne mai hannu a shagon, amma da an gaya mini gaskiya tun farko da ban ɗaga wa mai biki rana ba.

Na biyu ya fi ciwo. Na kawo kwamfuta gida, na zuba bikin da ke hannuna, hoton A7 IV ya ci gaba da tsalle kamar a tsohon laftof. Gabana ya faɗi, na ce adashin shekara ya tafi a banza. Kwana biyu ina fama kafin na kira shi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ka yafe ni, ban kunna ba." Ashe madabod, wato babban allon da ake dasa sauran kayan a kansa, da yawa in suka ga an sa katin hoto sai su kashe sashen hoton da ke cikin furosesa, sai an shiga BIOS, wato saitin madabod ɗin, an kunna shi da hannu. Abin da ya sa ni ƙarin kuɗi dominsa, shi ya manta. Ta waya ya riƙa gaya mini inda zan danna. Muna ciki na lura RAM ɗin ma a 2133 yake tafiya alhali 3200 aka rubuta a jikinsa, shi ma ba a kunna masa XMP ba, saitin da ke ba shi cikakken gudunsa. Minti goma suka gyara duka biyun, hoto ya koma tafiya lafiya lau. Na yaba da bai yi musu ba, bai ɗora wa kowa ba. Amma wanda ya karɓi kuɗin hannu naira dubu ashirin da biyar ya kamata ya zuba bidiyon mai kaya ya gwada kafin ya ɗaure kesin, ballantana na bar masa filashi da samfurin hoton tun ranar farko.

Na uku UPS ne, na'urar batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, kuma wannan laifin mai shagon ne, don shi ya zaɓo mini, yaron ba ya nan. Ranar farko da aka ɗauke wuta ina tsaka da fitar da aiki, UPS ya yi ƙara, kwamfuta ta mutu tare da fankar ɗaki. Abin da na saye shi don ya hana, shi ya faru. Da na koma, yaron ya duba ya ce wutar da wannan ke bayarwa in ya koma batir ba mai santsi ba ce, hawa-hawa take kamar matakala, kuma fawa-fak na zamani da yawa ba sa jituwa da ita in suna ɗauke da nauyi. Wanda ya dace shi ne mai wuta santsi, a kasuwa ka ce fiyo-sain za su gane. Mai shagon ya ce an riga an buɗe kwali. Mako biyu muna ja, sai da yaron ya sa baki sannan ya karɓa ya yanke wani abu, na cika kuɗi na ɗauki mai VA 1500. A kula, VA 1500 ba wat 1500 ba ne, nawa wat 900 yake ɗauka. Yana riƙe ni mintunan da zan adana aiki in tashi inji, iyakar abin da nake nema ke nan.

Garanti kuma a sani tun wuri. Kwalin SSD ya ce shekara biyar, mai shagon ya ce shi wata uku ya sani a kan sabon kaya, wata ɗaya a kan tokunbo. Rasit da biro aka rubuta, sai da na nace aka sa lambar jikin kowane kaya a kai.

To bayan wata takwas, me na gani?

Kwamfutar ta canza mini aiki. Kyamara biyu a jere ina yankawa daga wannan zuwa waccan ba tare da na tsaya yin ƙananan kwafi masu sauƙi ba, abin da a da yakan cinye mini dare guda kafin ma in fara. Bikin da nakan yi mako biyu a kansa yanzu kwana biyar ko shida ne, kuma yawancin lokacin a zaɓen hoto yake tafiya, ba a jiran na'ura ba.

Game da 990 Pro, ni na nace a kansa, shi yaron cewa ya yi in ɗauki mai matsakaicin gudu amma TB 4. Faifan bai taɓa ba ni matsala ba, kuma gudun da aka rubuta masa, MB 7,450 a sakan wajen karatu, ba wasa ba ne. Sai dai aikina bai kai in taɓa wannan gudun ba. Hoton da ke cin MB 12.5 a sakan, ko guda huɗu ka jera MB 50 ne, SSD na SATA ma da ke tsayawa wajen 550 zai ɗauka yana hamma. Wajen kwafa kuma memorin kyamarata ne ke riƙe ni: irin UHS-I ne, kusan MB 90 yake bayarwa a sakan, kati mai GB 128 sai ya ci minti ashirin da 'yan kai ko a kan wane faifai zan zuba shi. Daga teburin aiki zuwa sito had-dis ne ke riƙe ni, wajen MB 200, biki ɗaya awa guda. Inda na ji ƙarancin shi ne wuri. TB 2 a Windows 1.81 yake nunawa, saboda masu ƙera faifai da dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1,024. Biki biyu suka hau, ya kusa cika, kuma SSD ba ya son a cika shi maƙil. Bayan ƙaramar Sallah da aure ya yi yawa na samu biki huɗu a jere, na yi ta ɗauke wannan in sauke wancan. Mai ɗaukar biki irina, in kuɗinsa ɗaya ne, ya sayi faɗi kafin gudu. Wanda ke aikin talla ko fim da manyan kyamarori lissafinsa daban ne.

Siton ma ba ya ɗaukar duniya. TB 8 yana nuna 7.27, wato biki goma ne ya cika, kuma yaron ya faɗa mini haka tun a bayan kwalin nan. Dole na kafa tsari na kuma fara gaya wa masu biki tun ranar ciniki: ɗanyen hoto wata uku nake riƙe shi bayan na miƙa aiki, daga nan in goge. Abin da ba na gogewa shi ne aikin da aka gama, da wasu wurare da nake cirewa in ajiye ɗanyensu: siga da addu'ar ɗaurin aure, nasihar iyaye, duk inda tsoho ko tsohuwa suka yi magana. Rawa da liƙi ana iya rasa rabinsu ba wanda zai yi kuka.

Zafi shi ne abin da nake sa wa ido. Ɗakina ba na'urar sanyaya ɗaki, fankar sama ce kawai, kuma zafin Legas mai gumi ne. Kesin da ya zaɓa mini mai raga ne a gaba, fanka uku na shigar da iska ɗaya na fitarwa, had-dis ɗin yana daidai bayan fankar gaba. Na ɗora kwamfutar a kan benci, ba ta taɓa ƙasa, saboda ƙura da kuma ruwa. Duk mako biyu nakan zare ragar in kakkaɓe, abin da ke fita yakan ba ni mamaki, titinmu ba kwalta. Fankokin suna da ƙara in ana fitar da aiki, matata ta yi magana tun makon farko, yanzu da rana nake fitarwa. Faifan da ke shagon yayana kuma na zuba masa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi.

Wani ɗan abu da ya koya mini a tsaye ina shirin tafiya: filashin da zan miƙa wa mai biki in duba tsarinsa, don FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce GB 4, sai exFAT ko NTFS. Na sha raba bidiyo gida uku a baya saboda wannan.

Mutum uku na tura shagon tun daga lokacin, biyu editoci, ɗaya mai haɗa sautin wa'azi. Kowanne na gaya masa abu ɗaya: ka nemi Bazazzagin da kansa, ka je da samfurin aikinka a filashi, kada ka karɓi kwamfuta sai an kunna shi a gabanka, ranar da aka ba ka kuma ka ninka ta biyu kafin ka yi wa wani alkawari. Ɗaya ya dawo yana godiya, ɗaya ya yi ƙorafin jinkiri irin nawa, na ukun bai karɓo ba tukuna.

Watan jiya Hajiyar nan ta sa aka kira ni. Ƙanwar amaryar bara ce za a aurar. Ban zaci za ta sake nemana ba, na ce mata, "Hajiya, bayan abin da ya faru?" Ta ce, "Kai dai ka zo, ɗan nan." Ranar kamu na dawo gida ƙarfe sha ɗaya na dare, ban cire takalmi ba na zuba kati biyu a teburin aiki, na tura sito, na jona faifan da na karɓo daga shagon yayana tun da yamma. An ɗauke wuta wajen ƙarfe ɗaya saura, UPS ya riƙe har na tashi inji. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna na buɗe foldar a faifan shagon yayana, na kunna wurin da goggon amarya ke mata addu'a, na ji muryar ta fito, sannan na kwanta.

Sati mai zuwa zan koma Ikeja. Siton ya kai kashi tamanin, ina son ƙarin had-dis biyu da memori irin UHS-II da abin karanta shi. Na kira yaron jiya in ji farashi, ya ce, "Yaya, kaya da dala suke tafiya, sai ranar da ka zo." Na ce ya tanadi CrystalDiskInfo, ya ce tana nan a buɗe.